Waiwaye: Jariri Ɗaya, Malaman Barci Goma

A Toranke, kamar sauran garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi, yarinyar da za ta yi haihuwar fari gidan iyayenta take tafiya goyon ciki, ba ta komawa ɗakinta sai ta gama wankan jego. Hikimar abin ita ce ta samu masu koya mata raino. To yanzu masu koyarwar ne suka yi mata yawa. Uwarta ta ce a kwantar da yaro ta gefe. Kakarta ta ce a kife shi, kada tumbuɗi ya shaƙe shi. Malamar asibiti ranar rigakafi ta ce a rigingine kawai, ba gefe ba kifewa. Uwar miji ta aiko cewa kada a kuskura a bar mata jika yana barcin la'asar. Ga waya a hannun yarinyar, inda wata mata da ba ta san hanyar Wudil ba take lissafa mata mintocin da jariri zai yi ido biyu kafin a mayar da shi barci. Babu mai mugun nufi a cikinsu. Amma idan dare ya tsala, yaro ya tsanyare da kuka, ita kaɗai ce za ta zaɓi maganar wanda za ta bi.

Mu da muka yi jego a shekarun 1980 ba mu ɗauki barcin jariri wani abin zama a tattauna ba. Yaranmu suna kukan dare, har maƙwabta su ji ta katanga, amma ba wanda ya taɓa tambayar mai jego awa nawa ɗanta ya yi yana barci. Da rana yana bayan wani, in ba uwarsa ba to ƙanwarta, ko 'yar raino da ba ta fi shekara takwas ba. Ana surfe yana barci, ana tankaɗe yana barci, a je rijiya da shi a dawo bai sani ba. Da dare yana gefen uwarsa, in ya motsa ta ba shi nono, barci ya kwashe su tare.

Dokokinmu kaɗan ne, sai dai ba a wasa da su. Ba a barin jariri shi kaɗai a ɗaki, in kuwa ya zama dole sai a ajiye wuƙa a wajen kansa saboda mutanen ɓoye. Ba a barinsa a tsakar gida da almuru. Sai babbar doka, barcin la'asar. Ina tuna wata rana da ɗana ya wuni yana kuka tun hantsi, bai samu ya runtsa ba sai bayan an idar da sallar la'asar. Gwaggo, yayar mahaifina, ta ɗaga labule ta gan shi ya miƙe. Ba ta ce da ni komai ba, ta tsoma hannu a ƙwarya ta shafa masa ruwa a fuska.

"Gwaggo, yanzun nan fa ya samu ya kwanta."

"Ke 'yar nan, so kike ya tashi da taɓuwa? Rana ta yi sanyi, ba a barci."

Ɗan fari ne, kunya ba ta bari uwa ta nuna ta damu da shi, balle ta yi jayayya da gwaggonta a kansa. Sai daga baya na ji malaman hadisi sun raunana ruwayar da ake jingina wannan hani da ita. Hadisin shigar da yara gida idan duhu ya kawo kai kuwa ya inganta, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ko ba a faɗa ba lokacin ne sauro yake fara fita. Shi dai jaririn da bai kai wata biyu zuwa uku ba, jikinsa bai ma fara bambanta dare da rana ba, balle ya san la'asar.

Rikicin farko da na gani tsakanin gida da asibiti a kan kifewa ne, kuma a nan nake son mai karatu ya ɗan tsaya, domin abin da ake ji yau ya juya baya ne ga yadda aka faro. A wancan lokacin, a ɗakunan shan magani da wajen awo, malamai masu fararen kaya ne suke cewa a kife jariri. Tsofaffinmu kuwa ba su so ba. Inna cewa take kwanciyar rub da ciki ko babba an hana shi, a kwantar da yaro ta hannun dama kamar yadda sunna ta koyar. Matan da suka ɗan taɓa boko suka bi malama, aka riƙa kallon masu bin Inna a matsayin waɗanda kansu bai waye ba. Waɗancan 'yan matan ne suka zama kakanni yau. Da yawa daga cikin tsofaffin da suke dagewa a kife jikokinsu ba al'adar kaka da kakanni suke karewa ba, darasin asibiti ne na shekaru arba'in da suka wuce, wanda suka haddace da kyau, ba kuma wanda ya dawo ya ce musu an soke shi.

Malaman ma ba su suka ƙirƙiro ba, abin da littattafan Ingila da Amurka suka koyar da su ke nan. Likitan yara Benjamin Spock na Amurka, wanda littafinsa na raino ya fito a 1946 ya kuma shiga miliyoyin gidaje, tun daga bugun ƙarshen shekarun 1950 yake ba da shawarar a kife jariri. Hujjarsa mai shiga hankali ce: yaron da ke rigingine in ya yi amai zai iya ƙwarewa. Kowa ya ji ya gamsu, ba wanda ya gwada ya gani. A shekarun da shawarar ta bazu, sai aka ga ana yawan wayar gari da jarirai lafiyayyu sun mutu a shimfiɗarsu ba ciwo ba komai. Aka yi ta neman dalili a ko'ina, har likitoci a Holan da Niyu Zilan, da Peter Fleming a birnin Biristol na Ingila, suka nuna a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 1990 cewa kifewar ce babbar matsalar. A 1991 wata fitacciyar mai gabatar da shiri a talabijin, Anne Diamond, ta rasa ɗanta ɗan wata huɗu ta wannan hanya, ta tsaya tsayin daka har gwamnatin Ingila ta fito da yekuwar a riƙa kwantar da jarirai a rigingine. Cikin 'yan shekaru irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Amurka ta yi tata yekuwar a 1994, ita ma ta ga raguwa irin wannan. A 2005 Ruth Gilbert da abokan aikinta a Landan suka koma kan tsofaffin bincike, suka gano cewa tun wajen 1970 akwai hujjar da ta isa a daina kife yara. Sun ƙiyasta cewa da an kula a lokacin, da an tsirar da jarirai sama da 10,000 a Birtaniya, da aƙalla 50,000 a Turai da Amurka da yankin Ostareliya.

A wajenmu irin wannan mutuwa ba ta shiga lissafi. Jaririn da aka wayi gari ya rasu kafin azahar an kai shi, ba likitan da zai duba. Za a ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma a bayan fage sai ka ji ana raɗa cewa uwar ce ta danne shi cikin barci, ko a ɗora wa wata tsohuwar unguwa maita. Uwa ta rasa ɗa, ta kuma kwana da zargi.

Tsoron tumbuɗi da ya sa ake kifewa yana da amsa a halittar jikin yaron kansa. Idan yana rigingine, hanyar iska ce a sama, hanyar abinci a ƙasa, don haka nonon da ya taso yakan koma inda ya fito, ko yaron ya haɗiye ko ya tofar. Idan aka kife shi abin ya juya, ga kuma hanci da baki a cikin zani yana shaƙar iskar da ya fitar, ga barcin ya fi nauyi, farkawa ta fi wuya. Wannan nauyin barci shi ne ya sa iyaye suke son kifewa, yaro ya daɗe bai tashi ba, kuma shi ne haɗarin. Gefen da Inna take so ya fi kifewa, sai dai jariri ba ya tsayawa a gefe, da ya motsa sai ya gangara rub da ciki, shi ya sa tun 2005 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta cire gefen ma daga shawararta. Haɗarin ya fi yawa tsakanin wata biyu zuwa huɗu. Ranar da yaro ya iya juyawa da kansa gaba da baya, a kwantar da shi a rigingine a ƙyale shi ya zaɓa. Masu cewa kifewa ke ƙarfafa wuya suna da gaskiya, amma a yi ta yana ido biyu, ana kallonsa.

Kada tsofaffi su ji wannan su ce ai dama mun faɗa. Su ma suna da nasu. Da hunturu mukan shigar da kaskon garwashi ɗakin mai jego, a toshe taga da tsumma, a rufe ƙofa, a sa wa jariri hula da rigar sanyi da safa, a naɗe shi da zani biyu, a kuma lulluɓa bargo har ka. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warinsa ba, zafin da ya wuce kima kuma yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin mutuwar cikin barci. Abin mamaki, har da bazara, ana zafin da babba yake kwana a tsakar gida, za ka ga jariri da hular ulu. Son zafin nan ya taɓa iyayen ma: a shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a yankin da kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Hanya mafi sauƙi ita ce uwa ta taɓa ƙeyar yaro ko ƙirjinsa, in ta ji gumi ta rage masa kaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne yabon da muke yi wa jariri mai yawan barci. "Kai, wannan yaro akwai haƙuri, ko kuka ba ya yi." A makonnin farko wannan ba abin yabo ba ne koyaushe. Sabon haihuwa ya kamata ya sha nono aƙalla sau takwas a dare da rana. Wanda ba ya farkawa ya nema, ko aka tashe shi ya kama nono ya saki, ko idonsa da jikinsa suka yi ɗorawa, ko jikin ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya kai sittin a minti, wannan ba haƙuri yake yi ba, ciwo ne ya kwantar da shi. Shawarar jarirai in ta yi tsanani ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma kafur ɗin da muke zubawa cikin akwatin kayan haihuwa yana iya tayar da ita a jikin wasu yaran. Irin wannan ba a jira gari ya waye a gwada jiƙo, babur ake nema a nufi asibiti, ko Ajingi ko babban asibitin Gaya.

Mai kukan kuma an samo masa gajeriyar hanya da iyayenmu ba su sani ba. A je kemis a ce yaro ba ya barci, a haɗo ruwan maganin mura irin su Piriton, a ɗura masa cokali guda, gida ya yi tsit. Waɗannan magunguna ba don jarirai aka yi su ba, barcin da suke sawa kuma shi ne irin wanda farkawa daga cikinsa take wuya. Wanda ya manta ya tuna da My Pikin, maganin fitar haƙori da iyaye suka riƙa ba yara masu kuka a 2008, ashe an haɗa shi da wani sinadari mai lalata ƙoda. Zuwa farkon 2009 hukumomi sun tabbatar da mutuwar yara 84, daga Legas da Ibadan har Zariya.

Sai maganar kwana da jariri a shimfiɗa ɗaya, wadda su kansu Turawan ba su daidaita a kai ba. Likitocin Amurka, har a shawararsu ta 2022, cewa suke a kwana ɗaki ɗaya da jariri aƙalla wata shida amma kowa da gadonsa. Na Ingila sun sassauta, sun lura cewa ko an hana iyaye za su yi, gara a gaya musu inda haɗarin yake: barci da jariri a kan kujerar kushin, ko idan ɗaya daga cikin iyayen yana shan taba, ko ya sha abin da ke gusar da hankali ko sa barci, ko idan yaron bakwaini ne ko an haife shi bai kai kilo biyu da rabi ba. James McKenna na Jami'ar Notre Dame ya shafe shekaru yana nazarin iyaye masu shayarwa da ke kwana da 'ya'yansu, ya nuna cewa sukan shayar sau da yawa, kuma barcinsu bai cika nauyi ba. Wanda ya rubuta dokar gado daban yana da gida mai ɗakuna da yawa a ransa, kuma ba ya tunanin sauro. A ƙasarmu, wadda ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, jaririn da aka raba da uwarsa sau da yawa an raba shi da gidan sauro ke nan. Kano na cikin jihohin farko da aka yi rabon gidan sauro gida-gida a 2009, amma har yau a gidaje da yawa guda ɗaya ne uwa da 'ya'yanta suke shiga. A ganina abin da ya dace da ɗakunanmu shi ne a gyara shimfiɗar, ba a kore yaron daga cikinta ba. Katifa mai tauri ko tabarma ta fi soso mai lotsawa. A kawar da matashi daga kusa da fuskarsa, bargon manya kada ya hau kansa, a toshe ramin da ke tsakanin gado da bango. Yayansa ɗan shekara uku mai birgima cikin barci ya kwana ta bayan uwar, ba kusa da jaririn ba. Maigida mai shan sigari ya sha a waje.

Maganar awowi da jadawalin barcin rana, wadda ita ce ta fi cika wayoyin 'yan matan yanzu, ita ce mafi ƙarancin nauyi a cikin duka. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce awa 14 zuwa 17 ga ɗan wata uku zuwa ƙasa, awa 12 zuwa 16 daga wata huɗu zuwa goma sha ɗaya, har da na rana a ciki. Dubi faɗin tazarar. Ba ta ce a kan gado ko a goye ba, ba ta ce ƙarfe nawa ba. Wani bincike na Kanada da aka buga a 2018 ya samu kashi 38 cikin 100 na 'yan wata shida ba sa yin awa shida a jere da dare, kuma ba a ga hakan ya rage musu komai a girma ko basira ba. Dabarar barin yaro ya yi kuka har ya koyi barci shi kaɗai tsohuwa ce, tun littafin likita Emmett Holt na 1894, Richard Ferber kuma ya sabunta ta a 1985 da tsarin leƙawa lokaci-lokaci. A yi musu adalci, binciken da aka bi yara da shi a Ostareliya har shekara shida bai nuna ta cutar da waɗanda suka haura wata shida ba. Amma magani ce ga matsalar Amurka, ƙasar da dokarta ta 1993 ta ba mai haihuwa mako 12 kacal ba albashi, uwa za ta fita aiki da asuba, ba kaka ba gwaggo. Gwada ta a gidan yawa a Toranke ki gani, kafin minti biyu an ɗaga labule: "Wai ke ba kya jin yaron nan ne?" Goyo kuwa barci ne cikakke. Abin lura a cikinsa shi ne fuskar yaron ta kasance a fili, haɓarsa ba ta manne da ƙirjinsa ba. Ina ganin mata a bayan babur da tsakar rana, jariri a goye, an zuba masa zumbulelen hijabi har ƙasa, ba mai ganin ko hancinsa har a isa Gaya. Wannan ya fi barcin la'asar dubu cancantar a yi faɗa a kansa.

Abin da shekarun nan suka nuna min ke nan: faɗanmu ya fi zafi a kan abin da ko an bi ko ba a bi ba yaro zai tashi lafiya, abubuwan da ke kisa kuma mun bar su ba mai ɗaga murya. Kowace shawara akwai abin da aka ji tsoro aka kafa ta, sai a tambaya mene ne shi, kuma yana cikin wannan ɗakin ko a'a. Sannan shawarar asibiti kunnen da ba shi da iko take shiga. Ana gaya wa yarinya 'yar shekara goma sha takwas, ta ce to, ta koma gidan da ba ita ke yanke hukunci ba. Masu wanka da ungozoma da uwar miji, waɗanda yaron yake hannunsu, ba wanda ya kira su.

Na ga wata ma'aikaciyar lafiya da ta gane wannan, a wajen rigakafi a wani ƙauye da ke kusa da mu. Mai jego ta ce mata ita kam ta ji, amma Iya ba za ta yarda ba. Malamar ba ta tsaya yi wa yarinyar faɗa ba, ta ce a kira Iyar, tana zaune a inuwa tana jira. Da ta zo, malamar ta tashi ta ba ta benci, ta russuna ta gaishe ta, ta tambaye ta wa ya koya mata kife yaro. Tsohuwar ta ce ai ku ne, lokacin da na haifi uwar wannan yarinyar.

"Gaskiyarki, Iya. Mu muka koya muku, kuma kun riƙe amana. To daga baya an gano akwai haɗari a ciki, aka canza, laifinmu ne da ba mu zo mun sanar da ku ba."

Ta ɗauki jaririn ta nuna mata a jikinsa inda iska ke bi da inda nono ke bi. Iya ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa hannu ta karɓe shi, ta kwantar da shi a rigingine bisa cinyarta, ta gyara masa hula.

"To na ji, 'yata. Amma in kun sake canzawa, ku aiko mana da wuri."